Kwas ɗin kwana biyu kan dokar kare kai da bindiga: abin da na tarar

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da bindiga da lasisina, kuma hannuna ya faɗa da harbi a filin horo. Amma ranar da matata ta ce, “Maigida, idan ɓarawo ya shigo ya gan ka, ya juya da gudu, harbinsa za ka yi?” sai na rasa ta cewa. Abin ya tsaya mini a rai har ya kai ni wannan kwas.

Mu goma sha biyu ne a ajin. Masu koyarwa biyu: wata lauya da ta daɗe tana kare waɗanda ake tuhuma da kisa, da wani tsohon ɗan sanda. Ranar farko ko bindiga ba mu taɓa ba. Lauyar ta zauna da mu kan tambayoyin da kotu ke yi bayan an yi harbi. Wa ya tsokano faɗan? Haɗarin mutuwa ko mummunan rauni yana kanka a daidai lokacin, ko ya riga ya wuce? Abin da ka mayar ya yi daidai da abin da aka kawo maka? Mai hankali da zai tsinci kansa a halin da kake, haka zai gani?

Inda ta burge ni shi ne ba ta bar mu da ƙa'ida zalla ba. Ta saka mana bidiyon abin da ya faru a Clearwater ta jihar Florida a Amurka a 2018, inda aka ture wani mutum mai suna Michael Drejka ya faɗi a wurin ajiye motoci, ya zaro bindiga ya harbe wanda ya ture shi. Ta tsayar da hoton, ta ce mu dubi ƙafafun wanda aka harba. Baya yake ja. Florida kuwa tun 2005 dokarta ba ta tilasta wa mutum ya gudu kafin ya kare kansa, duk da haka a 2019 aka yanke wa Drejka shekara 20. Ta kuma kawo shari'ar Tony Martin, manomin Ingila da ya harbe wani yaro ɗan shekara 16 da ya fasa masa gida a 1999. Cikin gidansa ne, da dare ne, amma sai da ya sha ɗauri.

Rana ta biyu aka kai mu ɗakin majigi. Allo ne babba, a ba ka bindiga mai fitar da haske maimakon harsashi, abin da ke allon yana sauyawa gwargwadon abin da ka yi. Nawa, wani ne ya taso mini da wuƙa a bakin mota. Na daka masa tsawa, bai tsaya ba, na ɗana kunama. Ya saki wuƙar ya juya, ni kuwa yatsana ya riga ya ƙara na biyu. Tsohon ɗan sandan ya mai da hoton baya a hankali, ya nuna mini jan ɗigon a tsakiyar bayan mutumin, ya ce, “Malam, na farko zan iya tsaya maka. Wannan fa, me za ka ce wa alƙali?” Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, alhali na san hoto ne. Tsakanin harbin biyu ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba, kuma har yanzu ina ganin ɗigon nan.

Ya kuma gwada mana gwajin da wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya fitar a 1983, wanda ya nuna mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Da wuƙar roba ya rugo, babu wanda ya zaro bindiga daga kube a kan lokaci cikinmu sai mutum biyu. Na ji daɗi da ya ja mana kunne cewa wannan awo ba doka ba ne, ba ya halasta harbin duk wanda ya matso.

Akwai abin da ya ɓata mini rai. Batun abin da za ka yi bayan harbi, wato kiran 'yan sanda da motar asibiti, ajiye bindiga kafin su iso, da abin da za ka faɗa kafin lauyanka ya zo, cikin minti ashirin aka sharce shi. Awa guda cur kuma aka ɓata ana tallata mana wani tsarin biyan kuɗi duk wata don samun lauya. Ban je don talla ba. Harbin gargaɗi ma sai da wata a cikinmu ta tambaya kafin aka faɗa mana cewa a wurare da yawa shi kansa laifi ne babba. Takardar da aka raba mana ba ta bambance dokar wani wuri da ta wani ba, ga shi bambancin ba kaɗan ba ne.

Duk da haka zan tura duk mai riƙe da bindiga, amma ya fara tambaya ko lauyan ya san dokar inda yake zaune, da kuma minti nawa kowa ke samu a gaban allon. Ni sha biyar na samu, bai ishe ni ba, na riga na yi rajistar komawa. Matata kuma na ba ta amsarta a daren da na dawo: idan ya juya da gudu, ƙofa zan kulle in ɗauki waya.