Sharhi kan digiri na biyu a nazarin al'adun Bauchi da Gombe haɗe da koyon Fulatanci

Kwas ɗin da nake sharhi a kansa digiri na biyu ne da na kammala a wata jami'a ta shiyyarmu, wanda ya gwama nazarin tarihi da al'adun al'ummomin Bauchi da Gombe da koyon Fulatanci ba ƙaƙƙautawa. A ganina ya ci kuɗinsa, amma ga wanda zai riƙe harshen a matsayin babban aiki, sauran darussa su biyo baya. Mai neman takarda kawai zai same ta, sai dai ba zai iya zama da arɗo, wato shugaban Fulani makiyaya, na minti biyar babu tafinta ba.

Takardun shiga su ne waɗanda aka saba: digirin farko, shaidar bautar ƙasa, da cikakken sakamako da tsohuwar jami'arka za ta aiko. Wannan na ƙarshen shi ke jan ƙafa, a nema da wuri. Zango biyu ake yi a aji, sannan a fita bincike a rubuta kundi.

Ɓangaren tarihi ya ƙayatar, domin bai tsaya kan Buba Yero da Yakubun Bauchi da yaƙin Bormi na 1903 kaɗai ba. An ba Tangale, Waja, Tula, Tera da Bolewa haƙƙinsu, haka Zaar da Jarawa da Warjawa. An kuma koyar da dabarun da ke rage wa mai bincike wahala. Sai a 1996 aka ƙirƙiri Jihar Gombe, saboda haka fayilolinta na zamanin Turawa suna ƙarƙashin Lardin Bauchi a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Kuma idan tsohuwar takarda ta ce Gombe, a duba shekararta da kyau: fadar ta fara ne a Gombe Abba, ta ratsa ta Nafada, sai a 1919 ta zauna inda take yanzu.

Harshen ne wurin da ake zufa. Bahaushe ya saba da jinsi biyu da jam'i, sai ya tarar da rukunan suna 25 kamar yadda masanin harshe Arnott ya ƙidaya a nahawunsa na 1970, wanda da ma kan Fulatancin Gombe ya gina shi. Saniya nagge nge ce, doki puccu ngu, ɗaki suudu ndu, ruwa ndiyam ɗam, inda nge da ngu da ndu da ɗam su ne alamomin rukuni, kuma sifa da wakilin suna dole su bi rukunin. Bayan haka baƙin farkon kalma yana rikiɗa: Pullo ya koma Fulɓe, gorko ya koma worɓe, debbo ya koma rewɓe. Wanda ya haddace tilo kaɗai ba zai gane jam'in ba in ya ji shi a baki, ba kuma zai same shi a ƙamus ba. Maganin shi ne kowane suna a rubuta shi tare da jam'insa da alamar rukuninsa tun ranar farko. Kalma 10 zuwa 15 a rana a haka sun fi 50 tsirara.

Rubutu ma yana da tarkonsa. Mu ba ma nuna tsawon wasali a rubutun Hausa na yau da kullum, amma ƙa'idar Fulatanci da ta samo asali daga taron masana kan rubuta harsunan Afirka da aka yi a Bamako a 1966 tana ninka dogon wasali, don haka hannun Bahaushe yakan zubar da shi. Sauƙin da ke ciki shi ne ɓ da ɗ da ƴ duk bakinmu ya san su, kuma babu hawa da saukar murya mai canza ma'ana irin ta Hausa.

Inda kwas ɗin ya gaza: yawancin takardun aji da sautukan da aka ba mu na karin Adamawa ne, alhali binciken a ƙasar Gombe za a yi. Fulatancin biranen Adamawa ya sauƙaƙa wasu ƙa'idoji da dattijon Dukku ko Nafada bai saki ba, musamman bambancin lootugo, lootaago da looteego, wato wanke abu, mutum ya wanke jikinsa, da a wanke mutum. Ba a kuma ware isasshen lokaci ga ajami ba, ga shi tsofaffin waƙoƙin malamai da shi aka rubuta su.

Babban abokin hamayyar ɗalibi kuwa ita ce Hausar kanta. Kusan kowa a Gombe yana jin ta, da ka yi tuntuɓe a jimla sai a tausaya maka a juya zuwa Hausa, shi ke nan darasi ya tashi. Dole a yi yarjejeniya da mutum ɗaya, a biya shi ladansa, awa ɗaya kullum ba Hausa ko kalma guda. Tsofaffin mata masu tallan nono sun fi matasan gari tsabtar harshe, sai dai namiji ya bi ta hannun mai gida.

A fita bincike kuma, lokaci ne kan gaba. Da rani matasa sun bi shanu kudu, damina ce ke tara mutane, ita ce kuma ke ɓata hanya. A ɗauki takardar gabatarwa daga sashe, a fara da hakimi, sai dagaci, sai arɗo. Kada a tambayi makiyayi yawan shanunsa, kada a matsa wa mace ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta, a nemo su ta wata hanya. A nemi izini kafin a kunna rikoda, a zauna inda iska ba ta bugawa, a kwafe sautin wuri biyu a daren ranar. Kwafar hirar minti goma zuwa rubutu kan cinye wa mai koyo awa biyu ko fiye, ko da yana aiki da manhajar ELAN ta kyauta, don haka hira 15 masu kyau sun isa kundi.

Mai son yin bincikensa kan Tangale ko Zaar ya sani cewa Fulatanci kaɗai ake koyarwa a aji. Shi zai nemo malaminsa ya biya daga aljihunsa, kuma ya tabbatar akwai mai duba kundin da ya yarda da hakan kafin ya biya kuɗin rajista.