Kujerar koyon zama ta jarirai: a saya ko a bar ma mai butik kayanshi?

Waɗannan kujerun na zaunar da jarirai yanzu sun cika status ɗin masu saida kaya a WhatsApp, kuma ko butik ɗin kayan yara ka shiga a babbar kasuwa za ka gan su rataye kala kala, har cikin kayan barka ana sako su. Ni na yi amfani da iri biyu da ɗiyata, na ukun kuma na ga yadda ya ƙare a gidan yayata can unguwar Ali Ɗan Tsoho, shi ya sa duk wadda ta tambaye ni amsata ɗaya ce, kujerar tana da ɗan amfani amma ba wanda mai saidawa yake faɗa ba. Shi ce miki zai yi tana koya ma yaro zama da wuri. Ba ta koya mishi komai, riƙe shi kawai take yi.

Wadda na fara samu ita ce ta roba mai taushi kamar soso, mai rami a tsakiya da wurin zura ƙafafu biyu, kwaikwayon wadda ake ce ma Bumbo ce amma tawa ko suna babu a jiki, jika tara na biya bayan doguwar ciniki. Ta biyun kado aka ba ni, ta ƙyalle mai gashi gashi da aka cusa ma auduga, da kan zomo a gaba, wannan ita ta fi kyau a hoto kuma ita ta fi ba ni haushi. Ta ukun ita ce wadda ake hura ma iska, a kanta ba ni da dogon bayani, gidan da ke da rairayi a tsakar gida da ƙarangiya da yara ke kwasowa a takalmi kun san ƙarshen labarin, ba ta yi nisa ba ta sace, aka liƙe ta sake sacewa.

To me ya sa na ce ba ta koya zama. Ki lura da yaron da ke koyon zama a tabarma, za ki ga ya dafa hannuwa biyu a gaba tsakanin ƙafafunshi yana rangaji, ya tahi hagu ya dawo, ya tahi dama ya kife, a tada shi ya sake. Wannan rangajin da kifewar su ne karatun, a nan wuya da baya da ciki suke yin ƙarfi, a nan ne kuma yake gane in zan faɗi in miƙa hannu in tare. Cikin kujera kuwa an matse mishi ƙugu ta ko ina, ɗuwawu ya nutse cikin rami gwiwa ta ɗaga sama, bayan ya lanƙwashe, ƙafar ma ba ta dafa ƙasa yadda ya kamata, babu inda zai karkata balle ya koyi gyara kanshi. Kina kallo za ki ce masha Allah ya zauna, ki ciro shi ki aje a tabarma ki ga yadda zai tuntsure nan take. Ɗiyata ta yi makonni tana zama ɗas cikin kujera amma a ƙasa sai da lokacinta ya yi, wajen wata bakwai, kuma abin da na ga ya taimaka shi ne kwanciyar rub da ciki da nake sa ta tana farke ina zaune kusa.

Maganar lokaci ma ita ce ke sa mu sayen abin da ba mu buƙata, don da yaro ya kai wata huɗu za a fara tambaya wai har yanzu bai zauna ba, ɗan wance ai tuni, tsofaffi kuma su ƙara da cewa mace ta fi saurin zama. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bi yara a Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka ta fitar da sakamako a 2006, yara masu lafiya lau wani yana zama da kanshi tun kafin ya cika wata 4, wani sai ya ɗan wuce wata 9, duka kuma daidai ne. Yawanci wajen wata 6 ne. Kin ga tazarar wata biyar kenan tsakanin mai sauri da mai nawa, babu kujerar da ta kawo wannan bambancin. In bakwaini ne kuma sai ki cire makonnin da ya rage bai cika ba kafin ki fara lissafi.

Sai abin da masu saidawa ba su sani ba ko sun sani ba su faɗa. Ita Bumbo ta asali, ta wani kamfani ne na Afirka ta Kudu, sau biyu hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka tana sa a janye ta a gyara, a 2007 kujeru wajen miliyan 1 aka ƙara musu gargaɗin kar a ɗora su kan abu mai tudu, a 2012 kuma wajen miliyan 4 aka ƙara musu bel na ɗaure yaro, saboda jarirai suna banƙarewa su fito su faɗo, wasu har ƙashin kai ya tsage. Wannan fa ta asali kenan mai kamfani da adireshi. Irin wadda ke zuwa mana ba suna ba takarda, yawanci ko bel babu, wa za ki kama. Kuma mu nan inda muka fi son aje yaro shi ne kan gado ko kan dakali ko kan tabul don kar ya ci ƙasa ko kaji su dame shi, to wurin da aka hana kenan. Yaron da kike ganin bai iya komai ba, rana ɗaya zai turo ƙafa ya banƙare baya sai ji kike tim. A ƙasa kawai, kan tabarma, nesa da murhu da gawayi da tukunyar ruwan zafi, kuma idonki na kai, ba a bar ma ƴar shekara biyar ta duba miki ba don ita jan kujerar za ta yi ta mai da ita mota.

Zafin garin nan ma wani abu ne da wanda ya ƙera kujerar bai san da shi ba. A watan huɗu da na biyar na shekara in kuran ya tahi, minti goma cikin ta roba za ki ciro yaro cinya da baya sharkaf da zufa, sai ƙuraje a matsematsi. Dole in shimfiɗa ɗan zane a ciki, shi kuma zanen yana sa santsi. Amma dai ita ana goge ta da tsumma da sabulu an gama. Ta ƙyallen nan mai kan zomo kuwa Allah ya isa, tumbuɗi ta sha, fitsari in kushe ya yi yoyo ta sha, ƙurar hunturu ta sha, in kin wanke audugar ta dunƙule gefe guda ta ƙi bushewa ciki, bayan wanki biyu gefe ɗaya ya kwanta yaro yana zama a karkace, ga ta ba nauyi, in ya jingina da ƙarfi su tahi tare. Wannan ko kyauta aka ba ki ki ɗauki hoto da ita ki aje.

Kakar yaran da ta ga ta robar dariya ta yi, ta ce wannan ai bahon wanki ne aka yi ma ado aka sa mishi kuɗi. Kuma tana da gaskiya, iyayenmu kwali ko baho suke samu su kewaye yaro da zannuwa, ko uwa ta miƙe ƙafa ta zaunar da shi tsakanin cinyoyinta tana tsinkar zogale. Na tsakanin cinya ya fi duka don yana samun wurin rangaji kuma in zai faɗi jikinki zai faɗa. Na kwali da baho kuwa ba zan ce don na gargajiya ne ba shi da matsala ba, shi ma matse yaro yake, kuma in ya zame fuska ta shige cikin tsummoki babu kowa kusa abin ba kyau. Bambancin dai shi ba ki biya jika tara ba.

Duk da haka ban jefar da ta robar ba, don akwai ranar da ba ki da kowa a gida, ga tuwo a wuta ga wanki, bayanki ya gaji da goyo, yaro kuma ya ƙi kwanciya yana son ya ga abin da ake yi. A nan kujerar ta yi min rana, in sa ɗiyata ciki in aje ta gefe in tuƙa tuwo tana kallona muna hira, in gama in ciro ta. Ma'aikatar lafiya ta Ingila shawarar da take ba iyaye kar ya wuce minti 20 a zama ɗaya cikin irin waɗannan kujerun, OMS kuma a 2019 ta ce jariri kar a ɗaure shi wuri guda fiye da awa 1 a jere, har goyo suka sa ciki, nan kam na yi murmushi don wanda ya rubuta bai taɓa zuwa kasuwa da goyo ba, amma manufar a fili take, a riƙa sauke shi yana motsa jiki, kuma ya samu aƙalla minti 30 na rub da ciki a yini, a rarrabe ba lokaci guda ba. Da ta cika wata 6 na fara ba ta kunu na gwada ba ta a ciki, ya yi dai, amma da yake tana nutsewa baya na fi samun natsuwa in ɗora ta a cinya ta miƙe sosai kafin cokali ya shiga baki.

Ga kuma gajeren kwana. Ba a sa yaro sai wuyanshi ya tsaya cak, ki ce wata huɗu, da ya fara zama da kanshi kuma ba zai yarda a kulle shi ba, kokawar fita zai yi wanda shi ne lokacin da ta fi haɗari. Kenan wata biyu ko uku ne duka aikinta, in yaronki mai cinya ne ma tun kafin nan ramin ƙafar zai matse shi, ki ɗaga shi kujera ta biyo shi. Shi ya sa na ce in za ki samu aro wurin ƴar uwa ko ki samu ta gwanjo mai kyau, ya fi ki fidda kuɗi ki sayi sabuwa. Mai tagwaye ko wadda ba ta da mai taya ta raino ita zan ce ta saya, ta roba mai faɗin gindi mai bel, kuma ki tahi da yaron butik ɗin ki zura shi ki gani, ki kuma shinshina, in tana warin roba mai hawa kai ki bar ta. In kuma kayan barka za ki kai ma wata, da jika taran nan sabulu da kushe da gidan sauro sun fi mata amfani nesa ba kusa ba.

Wadda kuma take neman kujerar don yaronta ya makara, ya kai wata 9 ba ya zama ko da ɗan dafawa, ko ya wuce wata 4 wuya na langaɓewa, ko jikin ya yi laushi ko ya sandare, ba butik za ki ba, ki ɗauki karne ɗinshi ki tahi CSI, wato asibitin unguwa, ranar awo ki faɗa musu su duba shi, don wani lokacin tamowa ce ko rashin jini ke hana yaro ƙarfi, kuma waɗannan suna da magani in an gano da wuri.