Warfarin: yana aiki, amma sai da kula

Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 ta Legas, kuma warfarin, maganin hana jini daskarewa, nake sha tun da aka gano gudan jini a jijiyar ƙafata bayan doguwar tafiyar mota daga Kano. Ya yi mini, alhamdu lillahi: kumburi ya saɓe, ciwon sha-raɓa ya tafi. Amma ba magani ba ne na mai gajen haƙuri.

Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke daskarar da jini, kuma huɗu daga cikinsu ba sa aiki sai da bitamin K. Warfarin yana toshe hanyar da jiki ke sabunta bitamin ɗin. Shi ya sa ba ya kamawa nan take, sai tsofaffin sinadaran sun ƙare, don haka aka fara mini da allurar heparin, wani maganin hana jini daskarewa mai saurin kamawa. Gudan da ya riga ya samu kuwa, jiki ne ke narkar da shi a hankali. Abin mamaki, a matsayin gubar ɓera ya fara fita a Amurka a 1948, sai a 1954 aka amince mutane su sha.

Wahalarsa ita ce gwajin INR, wato gwajin jini da ke ba da lambar da ke nuna jinkirin daskarewar jini. Ana son nawa ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma a Legas kowane gwaji yana nufin sammako, cunkoson Ikorodu Road, da barin rumfa a hannun yaro. Ganye ma yana taɓa shi, saboda bitamin K da ke cikinsa. Makon da uwargida ta yawaita alayyafo, zogale da ugu, sai lambar ta sauka. Likita ta ce: "Alhaji, kada ka daina cin ganye, ka dai riƙa ci daidai wa daida."

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke shiga kemis mu karɓi diclofenac, aspirin ko Flagyl ba tambaya. Ga mai shan warfarin wannan kasada ce da rai. Haka agbo, wato jiƙon gargajiya na Yarbawa, haka ƙaho wajen wanzami. In dasashi ya fara zubar da jini, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya yi baƙi, asibiti kai tsaye. Mai juna biyu kuma ta gaya wa likita tun da wuri.

Akwai wani maganin, Xarelto, wanda ba ya buƙatar gwajin INR, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna.