FCS ko Birged: ina za ka ba da yammacinka biyu?

Ɗan'uwa, ka ce dattawan ikilisiya sun ɗora maka aikin matasa, yamma biyu kawai kake da su a mako, kana tambaya ko ka farfaɗo da Boys' Brigade ɗinku da ta kwanta, ko ka riƙa zuwa sakandaren garinku kana taimaka wa FCS, wato ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista (Fellowship of Christian Students). Na yi duka biyun, kuma ba irin yara ɗaya suke kamawa ba.

Birged ta majami'a ce. William Alexander Smith ya kafa ta a Gilasgo a 1883. Malamin makarantar Lahadi ne da samari suka gagare shi zama wuri ɗaya, sai ya haɗa musu fareti da karatun Littafi Mai Tsarki. Ta iso Najeriya a 1908, har yau kuwa dabarar tana ci. A buga ganga a busa begila a filin majami'a da la'asar, ka ga yara suna ɓullowa ta kowane lungu, har da waɗanda iyayensu suka shekara ba su leƙa sujada ba. Ita ce ke samun yaron da FCS ba za ta taɓa gani ba: mai koyon kanikanci, mai bin babansa gona, wanda rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi gida. 'Yan mata ma suna da tasu, Girls' Brigade.

Sai dai tana cin kuɗi da mutane. Yunifom, hula, bel, ganguna, ga manya aƙalla biyu ko uku da ba sa fashi. Na ga yaro ya daina zuwa don kunyar rashin takalmi, ban gane ba sai da na je gidansu. Abin da ya fi damuna kuma, fareti yakan cinye karatu. Mun taɓa yin wata uku muna shirin maci, ƙafa ta daidaita, amma da na tambayi yaran ma'anar hoton ankar jirgin ruwa da ke bajensu, babu wanda ya san daga Ibraniyawa 6:19 aka ɗauko ta, begen nan mai riƙe rai daram. Laifina ne, ba nasu ba.

FCS kuwa ta makaranta ce. A Gindiri aka fara ta a 1957, hedkwatarta na Jos. Ƙarfinta shi ne ɗalibai ke jan ragama: su bi da waƙa, su yi addu'a, su buɗe aya. Ɗan shekara 15 yakan ji maganar Yesu daga bakin sa'ansa fiye da daga bakin mai furfura, don tare suke kwana, ya san halinsa. A nan ne kuma tambayoyin da ba a yi a gaban fasto suke fitowa, na satar jarrabawa, soyayya, abin da ake kallo a waya, da tiramadol. Kuɗi kaɗan take nema: aji ɗaya, Littafi Mai Tsarki, izinin shugaban makaranta, da malami ɗaya da zai tsaya musu. Rauninta hutu ne, da kuma yadda shugabanninta ke gama aji shida su tafi kowace shekara, a koma farko. In babu babba mai lura, koyarwa takan karkace.

A makarantar da ake tare da 'ya'yan Musulmi, kada ka ja yaron kowa zuwa taro a bayan idon iyayensa. Amana ce, kuma maƙwabtaka ta fi shekara ɗaya.

Tunda kai kaɗai ne, ni dai FCS zan ce. Ka ba ta yamma ɗaya, ka zauna a bencin baya ka bar su su yi. Ɗaya yamman ka bi gidajensu kana gaida iyaye, da haka za ka riƙe su lokacin hutu. Amma ran Lahadin nan ka ƙirga samarin ikilisiyarku tukuna. In ka tarar yawancinsu ba sa makaranta, ka nemo mutum biyu da ganga ɗaya ku ta da Birged, yunifom ya zo daga baya.