Ledar firizim a gilashin Yayata, bayan wata huɗu

Shekara shida kenan Yayata na fama da MS, ciwon nan da garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyi. Bara ya taɓo mata ido ta fara ganin komai biyu biyu, ranar da ta tsiyaya shayi a gefen kofi ya ƙone ta a cinya na san ba na zama bane. A asibitin ido nan Ingila aka sa ta bi biro da ido ina gefe ina kallo, in ta duba hagu sai idon dama ya cije a tsakiya ya ƙi matsawa wajen hanci, na hagun kuma yayi ta karkarwa. INO suka ce sunansa, wata jijiya ce a gindin ƙwaƙwalwa mai haɗa tafiyar idanun biyu ciwon ya ci.

Abin da suka bata shine firizim na Fresnel, wata leda ce siririya mai layi layi da ke karkatar da haske ta haɗa gani biyun ya zama ɗaya, a yanka ta daidai gilashi a jiƙa da ruwa a manna ta ciki a ido ɗaya, ko gam babu. Wallahi tana sawa ta kalle ni tace "ƙanwata yau ke ɗaya ce", sai da nayi hawaye.

In gaba take kallo lafiya lau, talabijin, girki, har Alƙur'aninta mai manyan baƙi ta koma karantawa. Amma fa da ta waiga gefe biyun na dawowa, dole sai ta juya kai gaba ɗaya, kuma karkarwar idon kam ledar bata taɓa ta ba. Ganinta na ɗan dusashewa ta idon da ke da ledar, da dare fitilun mota sai su baje mata, ga ƙura da ke maƙalewa a layukan sai mun wanke a hankali da burushi mai laushi. In tayi wanka da ruwa mai zafi sosai abin na rikicewa na ɗan lokaci, wannan halin MS ne ba laifin ledar ba.

Abin da yafi min shine ana ɓare ta a canza, tunda ciwon yau ya lafa gobe ya motsa. Sau ɗaya aka rage mata ƙarfinta. Dan Allah kar wanda ya saya a intanet ya manna da kansa, sai an auna. Wata mai zuwa zamu koma awo, in ganin ya tsaya wuri ɗaya sun ce za a saka mata firizim ɗin a cikin gilashin kansa.