Littafi ko Kasuwa: Ta Ina Za Ka Fara Koyar da Ilimin Gudanarwa?

Ƙanena, na ga tambayar da ka ajiye mana a zaure jiya da dare. Ka ce an ba ka darasin share fagen ilimin gudanarwa ga 'yan aji biyu na jami'a, karon farko ke nan da za ka tsaya gaban ɗalibai, kuma shawara ta rabu maka biyu. Wasu sun ce ka bi littafi daki-daki, ka fara da magabatan fannin. Wasu sun ce ka kawo musu labaran kamfanoni da kasuwanni na gaskiya su tattauna. Allah ya sanya albarka a aikin. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a nan Legas, hanyoyin biyu duk na gwada su, bari in jera maka su yadda na same su.

Hanyar littafi da ita aka koyar da mu. Ana farawa da Frederick Taylor, injiniyan Amurka da ya fitar da littafinsa a 1911, wanda ya riƙa auna motsin lebura da agogo don gano hanya mafi sauri ta yin aiki. Sai Henri Fayol, Bafaranshen da ya shugabanci kamfanin haƙar ma'adinai, wanda a 1916 ya kasa aikin manaja gida biyar: hangen gaba, tsara mutane da kaya, ba da umarni, daidaita sassa, da sa ido, ya kuma kafa ƙa'idoji 14. Sai Max Weber na Jamus da bayaninsa kan tsarin ofis. Daga nan a gangaro binciken masana'antar Hawthorne kusa da Shikago, tsakanin 1924 da 1932, inda hankali ya koma kan zumuncin ma'aikata da yadda ake kula da su, a rufe da Maslow a 1943 da McGregor a 1960, masanan da suka yi rubutu kan abin da ke zaburar da mutum.

Kada ka bari a raina maka wannan hanya. Ita ce ke ba ɗalibi sunayen abubuwa. A aji mai mutum 300 da lasifika ɗaya, ita ce ke kai ka ƙarshen manhaja kafin zango ya ƙare, kuma da ita jarrabawa ta fi adalci, don kowa abu ɗaya ya ji. Inda take yoyo shi ne yaro ɗan shekara 18 bai taɓa zama ƙarƙashin wani shugaban aiki ba, balle ya shugabanci wani. Sai ya haddace kawai. Wata shekara na sami ɗalibin da ya rubuto ƙa'idojin Fayol 14 babu kuskure ko ɗaya. Mahaifinsa dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 ta nan Legas, yara kusan goma ke aiki a hannunsa. Na tambaye shi wace ƙa'ida ce a cikin 14 yake gani a rumfar babansa, ya yi shiru, daga baya ya ce ai wancan kasuwa ce, wannan kuma boko. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Yaron ya tashi cikin gudanarwa tun yana ƙarami, amma karatunmu ya sa bai gane ta ba.

Hanya ta biyu daga jami'ar Harvard ta Amurka ta yaɗu. An buɗe makarantar kasuwancinta a 1908, ta kuma ari salon daga sashen shari'a na jami'ar, inda ake koyar da doka ta bin shari'o'in da aka yanke. Tun shekarun 1920 ake ba ɗalibi labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, ya karanto a gida, ya zo aji ya faɗi abin da zai yi da shi ne manaja. A nan garin ma Lagos Business School, da aka kafa a 1991, tana amfani da salon sosai. Sai dai ka duba su wa aka ɗinka wa rigar. Mutane ne da suka yi aiki, suka sha faɗan shugaba, wasu suka sallami ma'aikaci da hannunsu, kuma ajin Harvard mutum 90 ne ko kusa da haka. Ka ɗauko salon yadda yake ka kawo ajinka, mutum goma na gaba ne za su yi magana, sauran su zuba ido. Idan kuma labarin na wani kamfanin Amurka ne da ba su taɓa ganin kayansa ba, kuma ba su da kalmomin fannin, tattaunawar hira za ta koma, kowa ya faɗi ra'ayinsa a tashi.

To ni ga inda na tsaya. Littafin ba zan ajiye shi ba, amma na daina farawa da shi. Kowane babi da wani abu na Legas nake buɗe shi, wanda ɗalibi ya taka da ƙafarsa, sai ya gama kokawa da shi sannan in ba shi sunan da masana suka raɗa masa. Gani ya kori ji.

Ɗauki tumatir. Mota ta taso daga Kano, tafiyar kilomita wajen 1,000, kaya ne da ba sa jira. Wa ya yanke shawarar ranar lodi? Wa ya san yawan motocin da za su shigo Mile 12 a daren, tunda in sun yi yawa farashi ya faɗi? Wa ke raba wa 'yan dako aiki, wa ke ƙirga kwanduna, wa ke karɓar la'ada? Kafin su gama amsawa sun lissafo ayyukan Fayol biyar da bakinsu. Sai ka ƙara musu da batun kwandon gargajiya da akwatin roba. Robar ta fi kare tumatir daga matsewa, amma tana da tsada, kuma sai an mayar da ita Arewa babu kaya a ciki. Ka tambaye su me ya sa abu mai amfani yake daɗewa bai karɓu ba. Babin kawo sauyi a ma'aikata ke nan gaba ɗayansa.

Taylor ma haka. Ya ba da labarin cewa a masana'antar ƙarfe ta Bethlehem ya ɗaga lodin lebura daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 a rana, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Rubuta alƙaluman a allo, ka ce su auna da ɗan dakon da suka sani: aiki ya kusa ninkawa huɗu, kuɗi ko biyu bai ninka ba. Aji zai kaure da gardama, kuma daga cikin gardamar za su fahimci dalilin da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi adawa da shi.

Wanda na fi so ka ba lokaci shi ne Weber, don shi aka fi zalunta a ajinmu. Ɗalibi na jin tsarin ofis, abin da ke zuwa masa shi ne fayil ya ɓace da “dawo gobe”. Weber kuwa cewa ya yi biyayya iri uku ce: wadda ake yi don gado da al'ada, wadda ake yi don kwarjinin mutum, da wadda ake yi wa doka da kujera ko wa ya hau ta. Ka ajiye wannan kusa da cinikin shanu. Bafatake ya kawo dabbobi daga Arewa ya sauka wurin maigida, maigida ya tsaya masa, mahauci ya ɗauki bijimi bashi babu takarda, ya biya bayan ya sayar da nama. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, ya yi nazarin wannan tsari, ya wallafa a 1969. Amana da suna ne ke riƙe da dukiya mai yawa, kuma yana aiki. Sai ka jefa musu tambayar da ke da nauyi: ranar da maigida ya rasu fa? Me ya sa sana'o'inmu da yawa ba sa wuce 'ya'yan wanda ya kafa su? A nan ne ɗalibi ke gane me rubutu da rajista da rabon mukami suke karewa, ba tare da ya raina tsarin iyayensa ba.

Yawancin ɗalibanka Yarabawa da Ibo ne, saboda haka kada misalan su tsaya a namu. Ga Iyaloja, shugabar 'yan kasuwa a wurin Yarabawa, da ikonta a kasuwa, ga tsarin yaron shago na Ibo a kasuwannin Alaba da Ladipo, inda yaro ke bauta wa ubangida shekaru sannan a sallame shi da jari. Manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da ita, don haka kana da hujja in an tambaye ka.

Kada ka ce za ka kwashi aji guda zuwa kasuwa, kuɗin mota da cunkoson hanya za su cinye ranar. Raba su takwas-takwas, kowace ƙungiya ta zaɓi wuri kusa da unguwarsu, gidan burodi ko tashar Keke Napep ko kwamitin masallaci ko coci, su zano wa ke ƙarƙashin wa, su kawo shafi biyu, ka saka shi cikin makin gwajin zango. Ka ja musu kunne su fara zuwa wurin shugaban wurin su gaisa su nemi izini, kuma kada su tambayi kowa ribarsa. Idan wata ƙungiya ta zaɓi Mile 12 ko mayankar Oko-Oba ta Agege, ka sanar da ni tun da wuri, in haɗa su da dattawan da za su karɓe su.