Dubu biyar ɗin da na ba tsohon ma'aikacin banki

Na fi shekara ina karanta rubutunsa kan sha'anin kuɗi a Facebook kafin na yarda na biya dubu biyar na shiga ajinsa na ranar Asabar, a wani bene kusa da titin Ahmadu Bello. Ni tela ne a Kasuwar Barci ta Kaduna, kuɗin ɗinkin kaftani guda ke nan, don haka da ƙyar na zaro ta.

Da tarihinsa ya fara. Ma'aikacin banki ne, har aka zo haɗe bankuna na 2005, lokacin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan zamanin, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Guguwar ta yi gaba da aikinsa. Ya zuba kuɗin sallamarsa a harkar shinkafa, ya karye. Sannan ya kama rubutu. Wannan ya sa na gyara zama, don wanda ya taɓa karyewa ba ya yi maka maganar kuɗi kamar mai wa'azi.

Da ya iso kaina, ya buɗe littafin da nake rubuta awon mutane, ya ga lissafin zare, shadda da cefanen gida duk a shafi ɗaya. Ya ce, "Malam, kafin-alƙalamin da aka ba ka ba naka ba ne tukuna, sai ka miƙa ɗinki." Wallahi kamar ya leƙa aljihuna. Duk azumi haka nake cinye shi, ana gama Sallah in shiga rance. Ya zana mini layi uku da jan biro: shago, gida, amanar mutane.

Inda muka saɓa shi ne adashe. Ya raina shi, wai babu mai tsaya maka idan uwar adashe ta gudu, alhali kuɗin banki akwai inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar mutane idan banki ya rushe. Gaskiya ne, amma da adashe na sayi keken ɗinkina na biyu. Ya kuma daɗe kan sukuk ɗin gwamnati, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa da aka fara a 2017, rabinmu na hamma. Ga zafi, fanka ɗaya, an kuma fara a makare da kusan awa guda.

Makon jiya wani Alhaji ya ba ni kafin-alƙalamin dubu talatin. Tana cikin ambulan a ƙasan akwatin zare, kayansa kuwa sai jibi.